Akawun da Ya Biya Gidansa Shi Kaɗai

An yi wani akawu a wata ma'aikata, wanda in ya zauna a majalisa sai ya ce duk unguwarsu shi kaɗai ne ya taɓa kokawa da bashi ya kayar da shi, ya kuma zauna a ruwan cikinsa. To, yana da abin faɗa, kada mu ci haƙƙinsa. Gidan da yake ciki irin na rukunin ma'aikata ne, wanda ake ba mutum a riƙa yankar kuɗin daga albashinsa har shekara ashirin da biyar. In aiki ya kuɓuce, ko ajali ya riga biya, a fitar da iyali a ba wani. Da idonsa ya ga an yi wa matar wani abokin aikinsa haka, an jera mata gado da tukwane a bakin titi. Tun daga ranar ya ɗaura ɗamara. Ya sayar da babur ya koma keke, ya bar goro, ya riƙa noma fegin bayan gida, duk abin da ya ragu ya kai a rage bashi. Abin shekara ashirin da biyar, sai ga shi ya gama a tara.

Sai dai labarin yadda aka yi kullum ƙara tsawo yake, kamar igiyar guga da rani. Ya ce ya tsuke ciki har sai da ya yi wa bel ɗinsa sabuwar huda sau bakwai. Ya ce ɓerayen gidansa sun gaji da azumi sun yi ƙaura, har an gan su a jere suna tsallaka titi. Ya ce riga ɗaya ya ci salla goma sha takwas da ita. Ƙarshen zancen kuma ɗaya ne: ko gishirin wani bai lasa ba, guminsa ne kaɗai ya tsayar da gidan.

A layin nasu kuwa ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci zai fito da kwanon tuwonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani tsohon wanzami, a cinye na wannan a jawo na wancan. Akawu bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa. Kwanonsa ya fi na kowa girma, a rufe ruf, ya riƙo shi da tsumma yana yarfe yatsu, ya ajiye a bayansa ya ce a fara da na jama'a, nasa sai ya huce. Nan zai naɗe hannun riga ya shiga aiki, lomarsa kamar ƙwan agwagwa. Kafin a zo kan nasa kowa ya yi gyatsa. Sai ya yi tsaki ya ce an ƙi cin abincinsa, ya ɗauka ya koma da shi wai yara su yi ɗumame. Shekara tara tuwon nan bai huce ba.

Ranar da aka ba shi takardar mallakar gida, ya sa ta a leda ya zo da ita kan tabarma, kwano a ɗaya hannun. Bai bar kowa ya taɓa ba sai wanda ya wanke hannu. Aka zagaya da ita, ana sa albarka, har da masu share ƙwalla, don kowa a layin yana da irin wannan igiya a wuya, kuma ga nasu ɗaya ya kwance. Da ya tsaya nan da ya sha lafiya. Amma daɗi ya ɗebe shi, ya miƙe tsaye ya ce su yi koyi da shi, namiji ba ya jingina da kowa.

Tsohon wanzami ya bari ya kai aya, sannan ya ce, "Madalla, Akawu. Yau ranarka ce, da naka za mu fara."

"Baba, ai da zafi."

"Bakin da ya shekara saba'in yana shan kunu? Miƙo."

Bai jira a miƙo ba, ya sa hannu ya jawo. Kwano ya taho sakayau. Ya ɗaga murfi, babu komai ciki sai ƙyalli. Akawu ya fara laluben magana, wai yau uwargida ce ta yi mantuwa.

Tsoho ya ce, "Zauna, ɗan nan, kada ka ɗora wa baiwar Allah laifi. Tun daminar farko muka gane. Tuwo mai zafi murfinsa gumi yake yi, naka kuwa ko ƙuda bai taɓa yi masa sallama ba. Sai muka ce kowa a gidansa a ƙara malmala ɗaya, a bar bawan Allah ya fanshi gidansa. Ka yi ƙoƙari, gida naka ne, babu mai ja. Amma in ka shiga ka shinshina katangar gabas, za ka ji miyar kukar gidana."

Ya ja nasa kwanon, ya tura gaban Akawu, ya ce ya sa hannu tun bai huce ba.

Dama Hausawa sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.