Ƙwai Talatin da Guringuntsin Ɗan Tsako

Akwai wata mata mai binciken halitta, wadda duk aikinta a kan guringuntsi yake, farin abin nan mai gurus-gurus da ake taunawa a ƙirjin kaza. Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat. Ƙafar jariri da guringuntsi take farawa sannan ta zama ƙashi, amma kunne da hanci har mutum ya tsufa suna nan da laushinsu. Me ya ce wa wannan ya ƙarfafa, ya ce wa wancan ya tsaya yadda yake? Masu irin karatunta sun ce kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutaccen umarni iri ɗaya, sai dai da ikon Allah akwai abin da ke buɗe wani shafi ya rufe wani. Shafin da take bi shi ne wanda ke sa jiki ya yi danƙon da ke riƙe guringuntsi, danƙon nan da ke daskarar da romon ƙafar saniya idan ya huce. Tana da wasu kaji da shafin nan ba ya buɗuwa sosai a jikinsu, duk tsakon da suka ƙyanƙyashe sai ya fito da ƙafa a karkace, yana jan ƙirji. Ta haɗa wani ruwan magani da take zaton zai buɗe shi. Takan huda 'yar taga a ɓawon ƙwai, ta ɗiga maganin, ta liƙe, ta mayar cikin injin ƙyanƙyasa. Kullum a kwana na goma take ɗigawa, domin a ranar ne take ganin ƙafa ta fito sosai har da 'yan yatsu, ita kuma an koya mata kada ta taɓa abin da idonta bai tabbatar ba. Shekara uku tana haka, tsaki suna fitowa a karkace. Sai ciwo ya faɗa wa kajin ya share su tas, ya bar mata ƙwai talatin. In waɗannan suka lalace, irin ya ƙare, aikin ya bi shi.

Ana nan sai baffanta ya shigo birni, ya biya wurin aikinta. Tsoho ne maɗori, wanda ya yi shekara hamsin yana gyaran karaya da targaɗe a ƙauye. Ta nuna masa hoton ɗan tsako na kwana goma a madubin da ke ƙara girman abu. Tsoho ya kafa ido ya daɗe, yana mamakin yadda rai ke kwance a kan gwaiduwa, sannan ya nuna da farce.

"Dakta, wannan duhun da ke tsakiyar ƙwaurin fa?"

"Ƙashi ne ya fara, Baffa."

"Au, ashe sai ya yi ƙashi kike zuwa? To, sannu da zuwa, an riga an tashi daga kasuwa. Ni in aka kawo mini jariri mai lanƙwasasshiyar ƙafa kafin arba'in, da tafin hannu da tsumma nake miƙar da ita. In aka bari sai ya yi tafiya, uwarsa nake wa faɗa, in sallame su."

"Baffa, in na zo da wuri, kamar a kwana na huɗu, babu ƙafar ma. Ɗan tsiro ne kamar ƙwayar gero."

"Ke kika sani, ke ce mai takarda."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi, ya bar ta da ƙwai talatin da wasiwasi. Zuciya ɗaya ta ce tsohon nan hannunsa ya san abin da yake faɗa. Ɗaya ta ce yaya za ta zuba abin da ya rage mata a kan ƙwayar gero, don maganar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba? Sai ta raba. Ta ware tara ta ɗiga musu a kwana na huɗu, da ƙyar take ganin inda take sa allura. Sauran ashirin da ɗaya ta jira su har kwana na goma, yadda ta saba. Da kwana ashirin da ɗaya suka cika, ɓawo ya fara tsagewa. Cikin taran nan biyu ba su ƙyanƙyashe ba, bakwai suka miƙe a kan ƙafafunsu sarai, suna tsattsagar dusa. Ashirin da ɗayan kuwa ko guda bai tsaya ba. Ashe tun farko maganinta ba shi da laifi. Shafin yana da lokacinsa, in ya wuce ya rufe, ko tulu aka zuba ba zai buɗe ba. Ta tsaya tana kallon bakwai suna yawo, tana kallon ashirin da ɗaya suna jan ƙirji, ta san waɗannan jiranta ne ya kwantar da su.

To, ke wadda ɗanki ya ɗaga hannu ya mari kakarsa kika yi dariya, kika ce yaro ne, in ya yi wayo za ki kwaɓe shi, wannan misalin naki ne. Ranar da karkatar ta fito fili har maƙwabta suka gani, ranar ta riga ta yi ƙashi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.