Kafson Habibou

Kowace safiya Habibou yakan haɗiye kafso biyu da bisimilla, ya kora da ruwa, ya shafa tumbi ya ce, "Bature ya gama aiki."

Wata biyar ke nan da ciwon suga ya kayar da shi a titin Canal Street, can Amurka, yana tsakiyar cinikin jakunkuna. Aka kwashe shi zuwa wani asibitin jami'a. A can Hadassa, wata nas 'yar Jos, ta yi masa bayani da Hausa. Ana wani bincike kan ƙananan halittun da ke zaune a hanjin mutum. Nasa sun lalace da soyayyar kaza da lemon kwalba. Za a ɗebo na wani mai lafiya, a tace, a daskarar, a ɗura a kafso.

"A ɗebo daga ina?" in ji Habibou.

"Daga inda kake tsammani, Malam."

Kwana uku yana tofar da yawu. A na huɗu ya tuna abokinsa Abdou da suga ya cinye wa yatsun ƙafa biyu, sai ya sa hannu.

Ba a faɗin sunan mai bayarwa, lamba ce kawai a jikin kwalbar. Habibou ya cike sauran da kansa. Wani dogon bature ne, ɗan tseren gudu, wanda bai san komai ba sai tuffa da ruwan gora. Sugan kuwa ya yi ta sauka, har likitoci suna kiran juna su zo su duba takardarsa.

A majalisa, Saani mai agoguna ya ce, "Kai Habibou, kashi dai kashi ne."

"Wannan ya yi jami'a," in ji Habibou.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne surukarsa. Inna Adjara ta zo daga ƙauyensu na wajen Maraɗi don wankan jegon 'yarta Zalika, matar Habibou, da buhuna biyu da suka sa ma'aikatan filin jirgi toshe hanci. An yi suna, an yi arba'in, jaririyar, Rafia, har ta fara zama, Inna tana nan. Ba ta cin abincin Amurka. Furar gero da tsamin nono, miyar kuka, zogale, daddawa kamar a yi gini da ita. Tana da shekara saba'in, amma in lif ya lalace takan hau bene biyar na gidansu a unguwar Soundview da goyo a baya, ta tarar da Habibou a hawa na biyu yana riƙe da bango.

Ba ya iya ce mata komai. Suruka ce. Ba ya cin abinci a gabanta, ba ya kallon idonta, gaisuwa ma a durƙushe yake yi yana duban kafet. Sai ya shiga ɗaki ya sauke wa Zalika. Warin daddawa ya kama masa riguna. Wata baturiya ta shinshina jaka ta fasa saye. Gidan mutumin da kimiyya ke aiki a cikinsa bai kamata ya riƙa wari kamar kasuwar ƙauye ba.

Zalika takan ce, "To, Baban Rafia."

Duk Talata takan raka Inna asibiti, riƙe da wata 'yar jaka shuɗiya mai sanyi. Tun lokacin da Habibou yake kwance a asibiti Hadassa ta ga tsohuwar tana dama fura a bakin gado, ta yi ta tambayarta abin da take ci. Habibou bai taɓa tambayar me ake yi ranar Talata ba. Namiji mai kunya ba ya binciken jikin surukarsa.

Ranar Lahadi ya ajiye wa Zalika tikitin komawar Inna gida a kan gado. Jirgin Juma'a. Ya ce ita za ta faɗa wa Inna, shi bakinsa ba zai iya ba.

Zalika ta daɗe tana kallon takardar. A garin nan duka ba ta da wanda take hira da shi sai uwarta. Idan Inna ta tafi, sai ita da jaririya da ƙarar jirgin ƙasa. Ta faɗa wa Inna. Ranar Talata ma suka je asibiti, suka yi sallama da Hadassa.

Ranar Laraba Habibou ya je karɓar kafso. Bai koma kasuwa ba. Ya dawo gida da azahar, hula a hannu, ya ajiye kwalbar a teburi kamar mai ajiye gawa.

"Ta ƙarshe ce," ya ce. "Wai mutumin zai bar ƙasar jibi. Sun gwada na wasu, babu irin nasa. Zalika, wane irin mahaukaci ne zai bar Amurka?"

Ya zauna ya dafe kai. Ya ambaci yatsun Abdou. Ya rantse da zai ga bawan Allahn nan, da ya durƙusa masa, da ya ba shi ɗaki a gidan nan ya zauna har abada, ya ci abin da ya ga dama.

"Har abada, Baban Rafia?"

"Wallahi tallahi."

A aji huɗu Zalika ta bar makaranta. Turanci yana ba ta wuya, amma lamba ba ta taɓa ɓace mata ba. Ta leƙa kicin, inda Inna ke marmasa daddawa a tukunya. Ta ɗauko shuɗiyar jakar, ta zaro katin asibitin da ke aljihunta, ta ajiye shi a hankali kusa da kwalbar, kanta a sunkuye.

A jikin kwalbar an rubuta ashirin da bakwai, a kan katin ma ashirin da bakwai, ƙarƙashin hoton Inna Adjara.