Garmar da Aka Kankare wa Ƙota

Haladu, jawo kujera, bar danna maɓallin nan haka. Ka ce shafin intanet da ka gina wa masu neman taki yana mantuwa: mutum ya zaɓi jiharsa da irin takin da yake so, ya danna ci gaba, shafi ya je wurin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shi, ya dawo wayam kamar ba a taɓa shi ba. Ka kuma ce jiya ka ga wani tulin haruffa marasa kan gado a ɓoye cikin shafin, ka share su don aiki ya yi tsaf. To, ni ba zan yi maka faɗa ba. Saba ba ta san kowa ba, duk zuwan da aka yi mata baƙo take gani. Saurari wannan misali.

An yi wani manomi mai ciwon baya, wanda garmar kowa da kowa ba ta yi masa. In ya sunkuya da ita ya yi kunya biyu, sai ya dafe ƙugu. Aka nuna masa wani maƙeri a kasuwar ƙauyensu, gwani ne na ƙarshe, amma akwai shi da mantuwa, ga jama'a kullum a kansa. Maƙerin ya duba tsayinsa da yadda yake sunkuyawa, ya sa ruwan garmar a wuta ya ɗan tanƙwara, ya ce ya je gona ya gwada, ya dawo kasuwa mai zuwa. Haka suka yi ta yi tun kafin damina, ana ƙara tanƙwasa nan, ana rage can, garma tana ƙara zama daidai da bayan mai ita.

Abin da ya ɗaure wa manomin kai shi ne, duk zuwan da ya yi sai maƙerin ya tambaye shi daga wane gari yake. Bai san fuskarsa ba, balle sunansa. Amma da ya karɓi garmar ya jujjuya ta, sai ya ci gaba daga daidai inda ya tsaya, ko kuskure babu. Manomi ya yi ta saƙe-saƙe a hanya. Ko asiri ne irin na maƙera? Ko ƙarfe ne ke yi masa magana? Har ya taɓa zuwa da wata hula daban don ya gwada shi, sai aka sake tambayarsa garinsu, aiki kuma ya tafi daidai. Abu guda ne bai yi masa daɗi ba. Kullum in an gama, maƙerin yakan ɗora ƙarfe mai zafi a wuyan ƙota, ya bar ƙuna baƙa, wata doguwa, wata gajera, wata a karkace. Manomi ya ɗauka ganganci ne kawai na mai aiki da sauri. Shi kuwa mutum ne mai son kayansa fes. Ana gobe kasuwa ya sami fasasshiyar kwalba ya kankare ƙotar tas, ya shafe ta da man kaɗe har tana sheƙi.

A lokacin ruwa ya zauna, gero ya isa huɗa, saura gyara ɗan kaɗan garma ta gama zama. Washegari manomi ya ajiye ta a layi a maƙera, ya tafi sallar azahar. Maƙeri ya ɗauka, ya jujjuya, ya ga ƙota fes. A al'adarsa, garmar da ba ta da zane ta sabon zuwa ce, kuma da ita yakan fara ne daga tushe. Ya cusa ta a wuta, aka yi zuga, ya miƙar da ita da guduma ta koma irin ta kowa. Da manomin ya dawo ya ga abin da ya faru, sai ya riƙe baki, ya ce ai shi ne mai ciwon bayan nan.

Maƙeri ya ce, "Bawan Allah, ni ban san ka ba, garmar na sani. Duk abin da na yi mata a wuyanta nake ajiyewa, ta tafi da shi ta dawo mini da shi. Ina zanena?"

Wallahi, Haladu, ina tausayin mutumin nan, don ranar da ya sami amsar tambayarsa ita ce ranar da amsar ba ta da sauran amfani. Huɗa ba ta jiran a sake gwaje-gwaje daga farko. Ya shiga gona da garmar a haka, bai kai rabi ba baya ya kwantar da shi, ciyawa ta cinye sauran geron yana kallo daga kan tabarma.

Haruffan nan da ka share, su ne zanen ƙota. Saba ce ta rubuta su, ta ba shafi ya riƙe mata, don in ya dawo ta san inda aka kwana. Ba su da kyan gani, na yarda, in sun yi nauyi ma ana rage su, amma da sani ake yi. Je ka mayar da su. Hausawa dai sun riga sun faɗa, garin neman gira akan rasa ido.