Tayar da Aka Yi wa Sabon Zane

Duk Ɗorayi babu wanda ya kai Malam Labaran son motarsa. Tsohuwar a-kori-kura ce, da ita yake kwasar dilolin yadi daga masaƙun Sharada zuwa Kantin Kwari, a zamanin da jiniyar kamfanoni ke tashin unguwa tun da sassafe. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya wanke ta tas, ya goge gilashi, ya bi tayoyin da tsumma har su yi sheƙi.

Abu ɗaya ne ya fi motar a wurinsa, shi ne matarsa Hajjo. Sun haura shekara ashirin tare. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya haɗa kansu. Tuwo take sayar wa ma'aikata a ƙofar wata masaƙa, kuma shi yake kai ta kowace safiya, tukwane a baya, ita a gaba kusa da shi. Ko ciniki ya zo masa da wuri, sai ya fara sauke Hajjo.

Wata safiya za ta shiga mota, sai ta tsaya tana duban tayar gaba ta ɓangarenta.

Ta ce, "Malam, tayar nan fa ta fi kanka sanƙo."

Ya ɗaga hula, ya shafa kai yana dariya. Sannan ya kai wa tayar shuri. "Kin ji ƙararta? Tayar da ke riƙe iska ai da sauranta."

Iyakar abin da Labaran ya sani ke nan game da taya: a shure ta, in ta yi tauri, shi ke nan. Haka ya ga maigidansa yana yi tun yana koyon tuƙi.

Hajjo ta ce, "Ni dai na ga zare ya leƙo a gefe. Ko zani ne ya fara nuna zare, an san ya gama aikinsa."

Maganar ta tsaya masa a rai, ba don tayar ba, sai don ba ya son ganin damuwa a fuskar Hajjo. Da rana ya biya wurin Ado mai faci a bakin titin Sharada. Ado yana da wani ƙarfe da yake zafafawa, ya tsaga wa suɗaɗɗiyar taya sabon zane, ta koma kamar yau aka fito da ita daga kanti.

Ado ya latsa tayar da babban yatsa, ya girgiza kai. "Malam Labaran, robar ta cinye. In na ƙara yanka, abin da zai rage bai fi fatar albasa ba."

"Lallaɓa dai, Ado. Bayan Sallah zan sayi sabuwa. Hankalin Hajjo nake so ya kwanta."

Ado ya yi yadda aka ce masa.

Da yamma Labaran ya je ɗaukarta. Hajjo ta durƙusa, ta sa yatsa cikin zanen, ta ɗan jima a haka. Can ta ɗago ta ce, "Allah ya ƙara buɗi, Malam." Shi kuwa bai ce sabuwa ce ba, bai ce tsohuwa ce ba, ya dai yi murmushi ya buɗe mata ƙofa.

Ba a kai ga Sallar ba damina ta faɗi. Ranar da abin zai faru, an tashi da ruwa, kwalta ta yi santsi, ramuka sun cika. Suna dab da shiga Sharada, Hajjo tana ba shi labarin wani ma'aikaci mai cin malmala uku, sai tayar ta faɗa rami. Ta fashe kamar an harba bindiga. Sitiyari ya ƙwace, Labaran ya taka birki, motar ta zame ta kife cikin kwalbati, ta ɓangaren Hajjo.

Shi ya fito da ƙurjewa a goshi. Ita kuwa ƙashin bayanta ne ya karye. Ta daɗe a asibiti, aka sallamo ta, amma ƙafafunta ba su sake motsi ba.

Labaran bai ƙara riƙe sitiyari ba. Ya kama gadi a kusa da gida don kada ya yi nisa da ita. Shi ke ɗaukarta ya fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, shi ke juya ta, shi ke mayar da ita ɗaki. Kowace yamma yana zama ya shafa mata man shanu a ƙafafu, ko da yake ya san ba ta ji.

Wata rana yana cikin shafawa, hawaye ya ɗigo a kan ƙafarta. Ba ta ji ɗigar ba, gani ta yi.

Ta ce, "Malam, daina cin ranka kai kaɗai. Tun ranar da na sa yatsa na ji kaifin yankan, na san ba sabuwa ba ce. Na ga kana murna ne, sai na kasa kunyata ka. Da ni da kai duka muka yi shiru."

Labaran ya kifa goshinsa a kan gwiwarta, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko a ranar hatsarin. Ta ɗora hannu a kan sanƙon nan da ta saba tsokana, tana shafawa.

Mai karatu, tauri da sheƙi ba su ne lafiyar taya ba. In zanenta ya shafe, ko gefenta ya tsattsage, ko ta yi kumburi, ko zare ya leƙo, to kwananta ya ƙare, a sake ta da sabuwa tun kafin ta cutar da wanda ba shi da madadi. Wanda kuma ya gani, ya faɗa, kada kunya ta rufe masa baki.