Rafin Maƙeri Har Uku

"Rafi uku ne a yankin nan, kowanne Rafin Maƙeri ake ce masa," in ji Kawu. "Duk sunan kakan yaron nan suka ci."

Nema min aure muka je. Kawu yana ta zuba wa dangin yarinyar tarihin gidanmu, ni kuwa sai gyara zama nake.

Kakanta ya ɗago kai.

"Maƙerin nan da fartanyarsa ke karyewa a saran farko?"

Bai jira amsar Kawu ba, ya ci gaba.

"Allah sarki, ai na san shi. Duk garin da ya yi ƙira, sai manoma sun jefa shi a rafi. A na bayan gidan nan ma, ni na riƙe ƙafafunsa."