Jarumin da Ba Ya Sallama

Ranar da yayana ya kawo na'urar gem daga Kano, Baba ya ce ba za ta kwana a gidanmu ba sai yayarsa, Goggo, ta gani ta yarda. Bayan la'asar aka kawo wuta, ta baje tabarma gaban talabijin, ni kuma na fara bugawa.

Da farko ta yaba. Ta ce dokin jarumin ya ƙoshi, ciyawar kuma kamar ta Baure da damina. Da na sare wani dodo har ta ce, "A gaishe ka."

Sai na shiga wani ƙauye. Na banke ƙofar wata bukka, na farfasa randuna, na kwashe abin da ke akwati, matar gidan tana tsaye tana murmushi.

"Tsaya, ɗan nan. Gidan ubansa ne?"

"A'a, Goggo, haka ake samun magani."

"Ya yi sallama?"

Ta ja dogon tsaki.

"Wanda ya kashe macijin Kusugu ma sai da ya yi sallama ya roƙi ruwa. Wannan ɓarawo ne aka ba takobi. Da a Daura ne, da tuni yana gaban alƙali. Ita kuma sakarar tana washe masa baki!"

Kafin magariba na'urar ta koma kwalinta, ina ta kuka.

Yau 'ya'yana suna da sabuwa, hotonta tar, har gashin doki kana gani. Amma wawan jarumin har yanzu bai koyi sallama ba, tsakin Goggo kuwa daga bakina yake fita.