Gidan Kano Kafin Na Sentul

"Juma'a ce iyakar biyan kuɗin," in ji lauyan mai gidan da suke son saya a unguwar Sentul, a ƙasar da suke zaman baƙunci, ya katse waya.

Malamin jami'ar da aka yi wa wayar ya dubi kwalayen kayansu da suka cika falo. Ba zai iya sayen gidan ba sai an sayar da gidan da matarsa ta gada a Kano, mai saye kuwa wata huɗu yana jiran a sayi gonarsa ya biya.

Ya kira dillalinsu na Kano. "Har yanzu gonar?"

"Malam, ai an sayi gona tun watan jiya. Hajiyarka ce ta ce a dakata da sayar da gidan."

Ya waiwaya. Matarsa na tsaye a ƙofar kicin.

"Abban Rumaisa," ta ce a hankali, "ran da ƙasar nan ta gaji da mu, ina za mu koma?"